Kuɗin Ƙwanƙwasa Ƙofar Sikolashif

Wata ɗalibata ce ta miƙo mini wayarta. Gilashin ya tsage tun daga wannan kusurwa har waccan, sai da na karkata ta wajen haske kafin na iya karanta sanarwar. Tallafin karatun digiri na farko ne a wata jami'ar ƙasar waje, an kuma jero abin da za a ɗauke wa duk wanda ya dace: kuɗin makaranta, ɗakin kwana, alawus duk wata, inshorar lafiya, har da tikitin jirgi.

"Malam, wai fa komai za su biya," in ji ta. "Ko sisi ba za a nema a wurin Baba ba."

A duk ɗaliban da na koyar a shekarar babu wanda ya kama ƙafarta. Na ce ta jawo kujera mu duba sharuɗɗan. Na ɗauki biro ina rubutawa a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa: fasfo mai sauran wa'adi, sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL wanda bai wuce shekara 2 ba, takardar makin darussa mai hatimi, wasiƙun shaida daga malamai biyu, rubutun bayanin kai, takardar likita. Saura kwana 19 a rufe. Ba ta da fasfo. Cibiyar jarrabawar da ta fi kusa sai an yi tafiyar yini an kwana, kuɗin rajistar kuma ya haura abin da mahaifinta ke samu a wata. Ta daɗe tana kallon jerin nan, sannan ta ɗago kai.

"To Malam, su da suka ce kyauta ne?"

Na rasa abin da zan ce mata. Ba ta nema ba a shekarar. Wanda na san ya samu wani yaro ne, shi ma mai ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma yayansa ya riga shi tafiya ta irin wannan hanya, fasfonsa yana cikin durowa tun bara, jarrabawar Turancin kuwa sau biyu ya zauna kafin makin ya kai.

Na kwashe shekaru ina taya ɗalibai cike irin waɗannan fom, kuma abin da na gani ya sa na daina yarda da maganar da masu bayar da tallafi ke yawan yi, wai suna zaɓen mafi cancanta. Mafi cancanta suke zaɓa cikin waɗanda suka iso bakin ƙofa. Tankaɗe da rairayar gaske an riga an yi ta tun a hanya, kafin wani kwamiti ya zauna, kuma aljihun iyaye ne ya yi ta, da kuma ko akwai wani a gidanku da ya taɓa bin hanyar. Matuƙar mai bayar da tallafi bai ɗauki nauyin wannan tafiya ba, kuɗinsa zai ci gaba da tsallake ainihin wanda aka ce dominsa aka ware su.

Ba ina cewa guraben ƙarya ba ne. Suna nan, wasu ma sun girmi kakanninmu. Tallafin Rhodes na Jami'ar Oxford ya samo asali ne daga wasiyyar Cecil Rhodes, wanda ya mutu a 1902. Hukumar DAAD ta Jamus tun 1925 take. An sa hannu kan dokar Fulbright a Amurka a 1946, aka fara ɗaukar nauyin shirin da kuɗin sayar da rarar kayan yaƙi. Tallafin gwamnatin Japan ya fara a 1954, na ƙungiyar Commonwealth a 1959, Chevening na Birtaniya a 1983, Erasmus Mundus na Tarayyar Turai a 2004. Ga na Turkiyya, ga na Sin, ga na Hungary, ga na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda, ga Jami'ar Musulunci ta Madina da tun kafuwarta a 1961 take karɓar ɗalibai daga ko'ina a duniya. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta saka ƙara yawan irin waɗannan gurabe ga ƙasashe masu tasowa cikin muradunta na ci gaba mai ɗorewa. Sai dai masu nema sun yi wa guraben fintinƙau. Alƙaluman UNESCO sun nuna ɗaliban manyan makarantu a duniya sun tashi daga miliyan 100 a shekarar 2000 zuwa sama da miliyan 230 cikin shekara 20. A Afirka kudu da Sahara kuwa har yanzu kusan 9 cikin 100 ne ke kaiwa wannan mataki, alhali matsakaicin duniya ya kai wajen 40. Inda buƙata ta fi tsanani, nan ne hanyar ta fi nisa.

Duk wanda ya zauna ya karanta sharuɗɗan manyan shirye-shiryen nan zai lura da wani abu. Galibinsu na digiri na biyu ne ko na uku. Chevening na karatun shekara ɗaya ne na digiri na biyu, kuma sai kana da gogewar aiki ta shekara 2. Shirin DAAD na darussan raya ƙasa shi ma yana neman shekara 2 a bakin aiki. Wato sai ka gama sakandare, ka sami jami'a, wani ya biya maka shekara 4 ko 5, ka fito ka sami aiki a zamanin da aikin ya yi wuya, sannan a ce maka ga tallafi. Yaron da ya tsaya a matakin farko saboda babu mai biya masa, ba ya cikin lissafin tun farko.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne, kuma ban ga laifin faɗinsa ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ƙasar da ta ɗauki nauyin karatunka tana fatan gobe in ka zama minista ko shugaban jami'a ko babban ɗan jarida, kana jin harshenta, kana da abokai a can, ka san lambar wanda za ka kira. Ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ce ke riƙe da Chevening, ta Amurka ce ke riƙe da Fulbright. Rhodes, wanda ya tara dukiyarsa daga lu'ulu'un kudancin Afirka, ya rubuta ƙarara a wasiyyarsa cewa bayan ƙwazon karatu a duba wasannin motsa jiki da alamun iya jan ragama, kuma sai a 1977 aka buɗe wa mata ƙofar. Shugabannin gobe ake nema. Matsalar ita ce yadda ake gane su.

Ana gane su ne ta rubutu. Za a ce ka bayyana wani lokaci da ka nuna jagoranci, ka bayyana yadda kake ƙulla alaƙa da mutane, ka faɗi inda kake son kaiwa nan da shekara 10. Ɗan da ya tashi a makarantar da ke da ƙungiyar muhawara da majalisar ɗalibai da malami na musamman mai ba da shawara kan jami'o'i, wannan tambaya tun yana ɗan shekara 14 ake shirya shi dominta. Yana da satifiket na kowane taro da ya halarta. Ya san kalmomin da kunnen kwamiti ke son ji. Ita kuwa yarinyar da na fara da labarinta, da na tambaye ta ko ta taɓa jagorantar wani abu, cewa ta yi, "A'a Malam, ni ban taɓa riƙe muƙami ba." Sai da hira ta yi nisa na gano shekara 3 ke nan tana tara yaran maƙwabta da yamma tana koya musu lissafi, sun kai 20, ita ta tsara wa manyan cikinsu su riƙa koyar da ƙanana, kuma ita ta je ta shawo kan wani uba da ya yi niyyar cire 'yarsa daga makaranta. Ko a mafarki ba ta ɗauki wannan a matsayin abin rubutawa a fom ba. A wurinta yabon kai ne, kuma an hore ta da cewa yabon kai jahilci. Fom ɗin kuwa daga layin farko har na ƙarshe yabon kai yake nema, cikin harshen da ba nata ba, a kalmomi ƙidayayyu.

Haka zancen maki. Wanda ya ci 85 yana da ɗaki nasa da fitila da malamin gida, da wanda ya ci 78 bayan ya yini yana taya iyayensa neman abin rufin asiri, wanne ya fi kai? A takarda 85 ta fi 78, shi ke nan. Kwamitin da bai tambayi yadda aka sami makin ba, ya auna gidan da yaro ya fito ne yana zaton yaron ya auna.

Wani zai ce wannan tausayin malami ne kawai, ba hujja ba. To akwai waɗanda suka gwada abin a aikace, kuma a ƙasa mai arziki, inda ake zaton kowa ya san hanya. A 2015 Jami'ar Michigan ta Amurka ta haɗa kai da masu bincike ƙarƙashin Susan Dynarski, suka zaɓo ɗalibai masu hazaƙa 'ya'yan marasa ƙarfi a jihar, suka raba makarantunsu gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka aika musu da wasiƙa, su da iyayensu da shugabannin makarantunsu, mai cewa in ka nema aka ɗauke ka, karatun shekara 4 kyauta ne. Ɗaya kashin ba a aika musu ba. Abin lura shi ne kusan dukkansu dama sun cancanci irin wannan tallafi ko ba wasiƙar, domin tsarin jami'ar ya tanada. Alƙawarin ne kawai aka kai musu har gida tun kafin su nema. Cikin waɗanda ba su sami wasiƙa ba, 26 cikin 100 suka nemi jami'ar. Cikin waɗanda suka samu, 68. Masu shiga kuwa suka tashi daga 12 zuwa 27 cikin 100. Kuɗin suna ajiye tun da daɗewa, yaran ne ba su yarda da su ake ba.

Gwaji na biyu ya fi burge ni, domin ya taɓo aikin da nake yi da hannuna. A 2008, a jihohin Ohio da North Carolina, wasu masu bincike suka haɗa kai da kamfanin H&R Block mai taya mutane lissafin haraji. Iyalai masu ƙaramin ƙarfi da suka zo a cike musu takardun haraji, wasu aka ba su bayani kawai kan tallafin da 'ya'yansu za su iya samu daga gwamnati, wasu kuma aka zauna da su na 'yan mintuna aka cike musu FAFSA, wato fom ɗin neman wannan tallafi na gwamnati, wanda a lokacin tambayoyinsa sun haura 100. Bayanin kaɗai bai canza komai ba. Amma 'ya'yan waɗanda aka zauna aka cike wa fom, adadin masu kammala shekara 2 a kwaleji cikinsu ya tashi daga 28 zuwa 36 cikin 100. Duk lokacin da na ga wata ƙungiya ta watsa sanarwar sikolashif a WhatsApp da Facebook tana cewa ta wayar da kan matasa, wannan gwaji nake tunawa. Tura sanarwa aiki ne mai sauƙi, yatsa ɗaya ya isa. Mai jawo kujera ya zauna kusa da yaro har a danna maɓallin aikawa shi ne ya yi ƙaranci.

Tarihi ma ya taɓa nuna haka a fili. A ƙarshen shekarun 1950, ɗan siyasar Kenya Tom Mboya ya zagaya kwalejojin Amurka ya samo wa matasan gabashin Afirka gurabe masu yawa. Gurbi ya samu, an yafe kuɗin makaranta, amma babu kuɗin jirgi. Da a ce an tsaya a nan, da takardun sun tsufa a cikin akwati. Sai aka shiga neman gudummawa aka yi hayar jirgi, a watan Satumba na 1959 ya tashi da ɗalibai 81. Shekarar da ta biyo baya kuɗi suka sake yankewa, har sai da gidauniyar iyalan Kennedy ta ba da dala 100,000. Cikin waɗanda suka tafi a 1960 akwai wata budurwa da ta je Kansas ta karanta ilimin halittu, Wangari Maathai, wadda a 2004 ta zama mace ta farko 'yar Afirka da ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya. Tsakaninta da wannan karatu tikiti ne kawai, kuma tikitin ba ya cikin tallafin.

In aka ce a sauko da tsani ƙasa, akwai shaida a kan wannan ma. A Ghana a 2008, kafin ƙasar ta mayar da babbar sakandare kyauta, masu bincike Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer suka sami matasa 2,064 da suka ci jarrabawar shiga amma rashin kuɗi ya zaunar da su a gida. Aka yi ƙuri'a, 682 suka sami tallafi, aka bi rayuwarsu shekara da shekaru. Waɗanda suka samu sun fi kammala sakandare nesa ba kusa ba, sun fi kaiwa manyan makarantu, 'yan matan cikinsu kuma sun fi jinkirta haihuwar fari. Kuɗin da za a kashe wa mutum ɗaya a shekara ɗaya a Landan, yara nawa zai fitar daga wannan rami? Ban ce a daina tura mutane Landan ba. Na ce duk gwamnati ko attajirin da ke da kuɗi ƙayyadaddu ya yi wa kansa wannan tambayar kafin ya kira 'yan jarida.

Akwai masu yin abin da nake kira a yi, kuma adalci ne a ambace su. Shirin Türkiye Bursları, wanda aka fara a 2012, yana ɗaukar 'yan digiri na farko, neman sa ta intanet ne ba a biyan ko kwabo, kuma yana ba da shekara guda ta koyon Turkanci, maimakon ya ce sai ka zo da harshen a bakinka. Ba abin mamaki ba ne masu nemansa suke haura dubu ɗari a shekara a kan gurabe 'yan dubbai. Na Japan ma yana haɗawa da shekarar share fage ta koyon harshe. Gidauniyar Mastercard, da ta ƙaddamar da nata shirin a 2012 da dala miliyan 500, ta sa rashin ƙarfin iyaye cikin sharuɗɗa, ta faro tun daga sakandare, kuma ta zuba kaso mai yawa a jami'o'in cikin Afirka irin su Ashesi a Ghana da Makerere a Uganda, inda ba a buƙatar tsallaka teku. Cibiyoyin EducationUSA, masu ba da shawara kan karatu a Amurka, sun gudanar da wani shiri mai suna Opportunity Funds wanda aikinsa kacokan shi ne biyan kuɗin jarrabawa da na fom da na biza da tikiti ga hazikan da ba su da hali. Shi ma Chevening ya janye nasa sharaɗin jarrabawar Turanci a 'yan shekarun nan, ko da yake jami'o'in suna nan da nasu. Duk waɗannan sun nuna abin mai yiwuwa ne. In an ga ba a yi ba, ba a so ba ne.

Ga abin da nake ganin ya kamata ya zama ƙa'ida. Kada a nemi fasfo ko sakamakon jarrabawa mai tsada a zagayen farko. A bari sai an tace, waɗanda suka tsallake a biya musu. A karɓi hoton takardun makaranta da aka ɗauka da waya, a nemi na asali daga baya. A tambayi yaro halin da ya yi karatu a ciki, a kuma sa amsar a ma'auni. Kuɗin wannan duka kaɗan ne in aka kwatanta da na tallafin kansa.

Wani ciwon kuma ya fi na rashin samu, shi ne rabin tallafi. Jami'a ta rubuto ta ce ta yafe maka rabin kuɗin makaranta, gida ya ɗauki murna, sai an zauna da biro a ga ragowar rabin da masauki da sufuri sun fi ƙarfin dangi gaba ɗaya. Ga mai hali rangwame ne, ga marar hali kuwa wasiƙar ban haƙuri ce aka rubuta da kalmomin taya murna. Mafi muni shi ne hukumar da za ta kwashi yara ta kai su wata ƙasa da kaɗe-kaɗe da hotuna a filin jirgi, shekara ta zagayo a manta da su. Wani tsohon ɗalibina da irin haka ta rutsa da shi ya taɓa turo mini saƙo da tsakar dare: "Malam, wata na bakwai ke nan babu alawus. Makaranta ta rufe mana shafin rajista, mai gida kuma ya ba mu mako biyu." Bizarsa ba ta ba shi damar yin aiki ba, ba shi da kuɗin dawowa, kuma yana jin kunyar faɗa wa mahaifiyarsa domin duk dangi sun san ɗanta yana waje yana karatu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda ba zai iya ware kuɗin shekara 4 ya killace su tun ranar farko ba, ya ɗauki yara 10 ya kai su ƙarshe ya fi ya ɗauki 100 ya zubar a tsakiyar hanya.

Na san amsar da za a ba ni, na sha jin ta. Za a ce mai kuɗi shi ke da ikon sa sharaɗinsa, kuma wanda ya kasa haɗa fasfo da jarrabawa cikin lokaci, yaya zai iya da karatu a baƙuwar ƙasa? Rabin farko gaskiya ne, kuma ban ce a ƙwace wa kowa ikonsa ba. Roƙona shi ne wanda ya rubuta a shafinsa cewa yana neman hazikai marasa galihu ya duba ko su yake samu. Rabi na biyu kuwa ban karɓa ba. Haɗa fasfo cikin kwana 19 gwajin aljihu ne. In juriya ake son aunawa, wadda ta yi shekara 12 tana zuwa ta ɗaya a aji ba tare da littafin kanta ba ta riga ta ci wannan jarrabawar. Za a kuma ce duba halin iyaye zai buɗe ƙofar ƙarya, kowa ya zo ya ce shi maraya ne. Zai faru, babu shakka. Maganinsa bincike ne, a tambayi makaranta, a aika mutum ya gani da idonsa, kamar yadda shirye-shiryen da suka ɗauki abin da gaske suke yi. Tsoron maƙaryaci ɗaya bai isa dalilin rufe wa masu gaskiya 50 ƙofa ba.

Sharaɗin komawa gida kuwa, wanda Chevening da Fulbright da Australia Awards na gwamnatin Ostareliya duk suke da shi na shekara 2, ni ban ga aibinsa ba. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Abin takaicin shi ne a dawo a tarar babu ɗakin gwaji babu aiki, amma wannan zance ne na wata rana.

Mu ma da ke wannan gefen ƙofar muna da namu laifin, kuma ba zan tsallake shi ba. Babu maganar da ta kashe wa yara gwiwa kamar "ai duk sai kana da hanya." E, akwai wuraren da sai mai uwa a gindin murhu, ba na musu. Amma manyan shirye-shiryen da na lissafa, mutanen da ba su san ka ba ba su san ubanka ba ne ke karanta takardarka. Mai yaɗa waccan magana yana rage wa 'ya'yan masu hali abokan takara ne bai sani ba. Sai masu kwafo rubutun bayanin kai daga intanet, ko su sa manhaja ta rubuta musu. Mai tantancewar da ya karanta takarda 300 a mako yana gane su tun daga jimlar farko, domin duk tun suna yara suke mafarkin canza duniya, kuma babu wanda ya ambaci abu ɗaya da ya taɓa yi da hannunsa. Sai dillalai masu cewa kawo kuɗi in samo maka gurbi. Tallafin gaske ba ya sayar da gurbi ta hannun wani, kuma duk wanda ya ce ya tabbatar maka da nasara kafin kwamiti ya zauna, ɗan damfara ne ko da ya sa kwat.

Sai mu malamai. Wasiƙar shaida aikin minti 40 ce, amma yara nawa suka rasa gurbi saboda malam ya ce "ka dawo gobe" har ranar rufewa ta wuce? Ni kaina na taɓa yi. Wani yaro ya tuna mini sau uku, ina cewa an gama an gama, na zauna rubutawa a daren ƙarshe, na manta cewa ƙarfe 12 ɗin da suka rubuta na agogon ƙasarsu ne. Da na shiga shafin ya riga ya rufe. Washegari ya zo ya gaishe ni kamar kullum, ya ce, "Ba komai Malam, Allah bai nufa ba." Na san ba haka zancen yake ba, shi ma ya sani. Tun daga ranar nake rubuta ranar rufewa a jikin allo, in rage mata kwana 7.

Yarinyar nan ta sake dawowa bayan wata 8, da wayar nan dai mai tsagaggen gilashi. A tsakani mu malamai huɗu mun yi karo-karo an yi mata fasfo, wata tsohuwar ɗalibarmu da ke karatu a waje kuma ta riƙa kiran ta duk ƙarshen mako suna gwajin tambayoyin ganawa. Wannan karon mun zaɓi shirye-shirye uku da ba sa neman jarrabawar Turanci a zagayen farko. Rubutun bayanin kanta sau shida muka gyara. Wurin da muka fi daɗewa shi ne sakin layin yaran maƙwabta, domin duk lokacin da na sa ta rubuta "na kafa", sai in dawo in tarar ta goge ta mayar "mun ɗan taru". A ƙarshe muka daidaita a kan "na fara tara su, yanzu mun kai 23".

Mun aika na ukun saura kwana 9 a rufe. Cajin wayar na kan 4 cikin 100 lokacin da saƙon tabbatarwa ya shigo, ta ɗauki hotonsa da sauri kafin wayar ta mutu. Sun ce sai nan da wata 3 za a ji waɗanda za a kira ganawa.